Shekarar da Umda Ya Kulle Randar Kal

Jikata ce ta tono mini wannan zance ba da saninta ba. Muna zaune a falon ɗana a Rusaifa, wata unguwa a Makka, na'urar sanyi tana ta gurnani, ita kuma tana kishingiɗe da waya a hannu kamar yadda suke wuni yanzu. Sai ta taso tana dariya ta ce, "Sitti, shufi, duba ki gani." Sitti take ce mini, wato kaka. Hausarta rabi ce, sauran duk Larabci. A cikin wayar wata Baturiya ce a ɗakin girkinta, tana juye ragowar giyar da baƙinta suka bari a cikin tulun gilashi, ta rufe bakinsa da farin ƙyalle, ta ɗaure da zare, wai bayan 'yan makonni zai zama ruwan kal, wannan mai tsamin da ake zubawa a ganye. Yarinyar abin dariya ta gani. Ni kuwa da idona ya faɗa kan ƙyallen nan da zaren, sai na ce ta kawar mini da shi. Ta ce, "Sitti, lafiya?" Na ce lafiya lau, na tashi na shiga ɗaki.

Gidan da aka kai ni aure a kan dutse yake, cikin unguwannin nan da yanzu ko alamarsu babu. An fasa dutsen, an shimfiɗa titi, an kafa otal-otal da sai wuyanka ya gaji kafin ka hango ƙarshensu. A lokacin mota ba ta hawa wurinmu. Wata matakala ce ta duwatsu, ƙuntatacciya, tana lanƙwasa tsakanin gidajen dutse da na katako da langa-langa, kuma duk abin da za a ci ko a sha sai an hau da shi a kafaɗa. Da safe, bayan kiran sallar da ke hawowa daga Harami, abin da nake fara ji shi ne garewanin mai ruwa suna kaɗawa a jikin sandarsa, yana nishi yana cewa a ba shi hanya. Daga nan awaki su ɗauka, sai turmin wata Bakatsiniya da ke ƙasa da mu, sai mai burodin tamis yana buga faranti. Gidajen jingine suke da juna. In maƙwabciya ta yi atishawa daga ɗakinki za ki amsa mata. In kin soya albasa kowa ya san yau kin samu mai. Yanzu na shekara a wannan bene ban san abin da matar da ke ƙofar gabanmu take dafawa ba, ko sunanta ma sai na tambaya. Wani lokaci ina kewar wancan zama, wani lokaci kuma in tuna cewa hancin maƙwabci ya kusa raba ni da garin da aka haife ni.

Ni a Makka aka haife ni. Maigidana kuma a hanya, a wani ƙauye na Sudan inda iyayensa suka tsaya suna aikin auduga. Takardar zama ce da shi, iƙama, wadda ake sabuntawa, tawa kuma a rataye take da tasa. Akwai kalma guda da ba a faɗinta da ƙarfi a unguwarmu, ita ce tarhil, wato a kama mutum a sa shi a jirgi a mayar da shi inda aka ce can ne ƙasarsu. Ni ƙasar Hausa a bakin tsofaffi kawai na san ta. Ban san kowa a can ba, ban san ko wace ƙofa zan ƙwanƙwasa ba.

Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, Inna. 'Yar ƙaramar mace ce, busasshiya, mai kaifin ido, ba ta da yawan magana sai umarni. Sana'arta ta shekara ita ce ruwan zabibi. Kafin hawan Arfa sai ta jiƙa busasshen inabi da dabino a manyan tukwane, ta dama, ta tace, a ɗura a jarkoki a kai Arfa da Muzdalifa a sayar wa alhazai da ƙanƙara. Abin da ya rage kuwa ba ta zubarwa. Ta kan ce wanda ya taɓa kwana da ƙishi a hamada ba ya zubar da abin sha, ko da ya juya. Akwai wani ɗan ɗaki a soron gidan, mai taga ɗaya ƙarama can sama, a ciki randarta take. Sai ta juye ragowar a ciki, ta ɗauko wani abu mai santsi kamar hanta da take ajiyewa a kwalba daga kal ɗin bara, uwa take ce masa, ta saka a hankali, ta rufe bakin randar da farin ƙyalle ta ɗaure da zare. Shi ke nan. Ba a motsawa, ba a sa cokalin ƙarfe, ba a rufewa da murfi. "Numfashi yake yi," in ji ta. "Kika toshe shi kin kashe shi." Da wannan kal take jiƙa lemun tsami da karas da albasa, da shi ake wanke ganye, da shi ake shafa wa yaro goshi in zazzaɓi ya hau.

Na taɓa tambayarta, ina amarya, ko abin nan ba ya bi ta hanyar giya kafin ya yi tsami. Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta ce ita kal ta ɗora, da uwarsa a ciki tun ranar farko, kuma ta tambayi malami tun kafin a haife ni. Ban sake tambaya ba. Amma na lura in randar ta fara kumfa, ba ta rabuwa da kaskon turaren wuta a soron, kuma ba ta barin baƙuwa ta hau shan iska.

A shekarar da nake ba da labari abubuwa suka haɗu. Motar da ta ɗauki jarkokinmu ta lalace a hanyar Arfa, sai da rana ta yi nisa aka isa, fiye da rabin ruwan ya dawo gida ba a sayar ba, ga shi ya sha rana ya fara ɗaga murfi. Inna ta cika randar har wuya, abin da ba ta saba ba, uwar kuwa 'yar kaɗan ce. Sannan cikin alhazan shekarar akwai ƙanwarta, wadda rabonsu da juna tun suna 'yan mata. Da za su wuce Madina ziyara Inna ta ce sai ta raka ta. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshinta a ka ta ce mini, "Kar ki taɓa, kar ki rufe. Ki dinga sa turare." Maigidan shi ma yana Arfa, yana cikin masu kwance tantuna. Aka bar ni ni kaɗai, da ƙaramin ciki, wanda ko ƙanshin shayi na ji sai zuciyata ta tashi. A wannan shekarar ce kuma wasu sababbin maƙwabta suka ɗora bene a kan gidansu, tagarsu ta zo daidai saman soronmu.

Ba a daɗe ba randar ta fara magana. In na kasa kunne a bakin ƙofar ɗakin sai in ji tana wani sis-sis, kamar ana raɗa. Sai warin ya biyo. Ban taɓa ganin giya da idona ba, amma da na shaƙe shi na san ba warin kal ba ne. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi, mai hawa kai. Na hura gawayi na zuba turare, na ƙara, na ƙara, har hayaƙin ya sa ni amai, amma da ya lafa sai warin ya taso daga ƙarƙashinsa kamar ba a yi komai ba. Da rana in zafi ya buɗe, har matakalar waje yake sauka. Na yi tunanin in kwashe in zubar, to amma ina? Kwatarmu a buɗe take, tana bin gefen matakala tana wuce ƙofar kowa har gindin dutse. In na zuba randa guda a ciki, na yi shela ke nan da kaina.

Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, ba a jima ba kafin nan aka kama wani mutum a unguwar da ke bayanmu yana dafa giya a ɓoye. Bayan sallar Juma'a aka yi masa bulala a gaban jama'a. Ban je ba, mata ba sa zuwa, amma maigidan ya gani, ya dawo ya kasa cin abinci. Daga baya aka kwashe mutumin da matarsa da 'ya'yansa, aka bar gidan a buɗe awaki suna shiga. Kullum in zan ɗora goshina a ƙasa sai in tuna abin da ke tafasa a saman kaina, a garin da ko ƙaya ba a cirewa, in ji kamar sallar tawa ba ta wuce rufin ɗakin.

Mai ruwa ne ya fara nuna mini an sani. Ya juye garwa ɗaya, ya ɗaga kai yana shaƙar iska, ya dubi soron. Washegari ya wuce ƙofarmu bai tsaya ba.

Da hantsi suka zo. Na ji takun takalma masu nauyi a matakala, irin wanda ba na 'yan unguwa ba, sai turmin Bakatsiniyar nan ya yi shiru a tsakiyar daka. Aka buga ƙofa. Na yafa mayafi na tsaya a bayan labule. Umda ne, wato mai unguwa, da askari guda, wato ɗan sanda, a bayansa. Wannan umdan sabo ne, ɗan tsohon da ya rasu, mutum ne mai ƙiba, hawan dutsen ya sa shi haki. Da Larabci ya yi magana.

"Ina maigidan?"

"Yana Arfa, ya ammi, wurin tantuna." Ya ammi, wato baffa, haka ake kiran babba a can.

"Ba wani babba a gidan?"

"Mahaifiyarsa tana Madina."

Ya ja numfashi ta hanci. "Yarinya, an kawo mini magana. Zan hau soronku."

Suka hau, na bi su daga nesa na tsaya a kan matakala. Na ji an tura ƙofar ɗakin, na ji askarin ya ce a'uzubillahi ya ja da baya yana toshe hanci. Ya ce ba sai an bincika ba, a sauke randar a tafi da ita, a aika a kamo maigidan. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce kal ne, wallahi kal ne, na surukata ne, kowace shekara tana yi, bai dai nuna ba ne.

Umda ya leƙo ya dube ni. Ya ce, "Mahaifina yana aikawa a karɓo masa kal wurin wata tsohuwa a kan dutsen nan. Ita ce?"

Na ce ita ce.

"To amma abin da hancina yake ji ba kal ba ne." Ya daɗe yana shafa gemu, askarin yana ta matsa masa. Can ya ce, "Ga abin da za a yi. In kal ne, zai zama kal. In kuma ba shi ba ne, zai zauna yadda yake, ni da kaina zan miƙa ku. A kawo murfi a rufe, a liƙe da laka, kar wani ya ƙara ko ya rage."

Askarin ya ɗauko murfin katako da ke jingine a bango. Na ga ya kai hannu zai kwance zaren ƙyallen. Ni da ko sunan mijina ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, sai ga ni a tsakiyar soro gaban maza biyu baƙi, ina cewa kar a rufe.

"Me kika ce?"

"Ya ammi, in aka toshe shi ba zai yi tsami ba. Numfashi yake yi. In kun liƙe shi, yadda kuka bar shi haka za ku same shi, kun gama da mu ke nan."

Askarin ya ce dabara ce, so nake a bar mini hanya in canza abin da ke ciki. Ni kuwa kuka ya riga ya ci ƙarfina, ina ta maimaita numfashi yake yi, numfashi yake yi, kamar wadda ta zautu. Umda ya dubi ɗakin, ya dubi 'yar tagar da ko kan yaro ba zai shiga ba. Ya ce a bar ƙyallen. Ya aika aka kawo kwaɗo daga gidansa, ya kulle ƙofar da hannunsa, ya jefa makullin a aljihu. Da zai sauka ya ce, "In mijinki ya dawo ya same ni da iƙamarsa. Tana wurina har ranar da zan buɗe ƙofar nan."

Maigidan ya dawo ya tarar da wannan. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kai takardarsa ya dawo ya zauna. Mutumin da ba shi da iƙama a aljihu ba ya sauka kasuwa, ba ya zuwa neman aiki, ko Harami sai ya yi ta waige. Ga shi ba hanyar da za mu sanar da Inna, ba waya a lokacin, ba mu ma san gidan da suka sauka a Madina ba. Shi yake sauka da asuba ya ɗebo mana ruwa da kansa, kansa a ƙasa. Matan da ke aiko yara karɓar gishiri suka daina. In na leƙa waje sai in ga labule ya motsa a gidan da ke kallonmu. Ba wanda ya zage mu. Gaisuwa ce kawai ta gajarce, har ta koma ɗaga hannu.

Ni kuma aikina ya zama hawa soro. In durƙusa a bakin ƙofar, in sa hancina a tsagar katako, in shaƙa. To hancin mai ciki ba abin dogara ba ne. Yau in ji kamar tsami, in sauko da murna, maigidan ya hau ya dawo ya girgiza kai. Gobe in ji warin ya fi na jiya. Raɗar da randar take yi ta daina, shirun ya fi ba ni tsoro, don ban sani ba ko alamar nuna ce ko ta mutuwa. Duk shekarun nan Inna ce ke hawa, ban taɓa lura da yadda abin ke tafiya ba. Tunanin da ya fi cina shi ne uwar nan 'yar kaɗan a cikin randa cike. In ta nutse ta mutu fa? Duk takun da na ji a matakala sai in tsaya in kasa kunne. Na ɗaure 'yan kayanmu a zani na tura ƙarƙashin gado, ban gaya wa maigidan ba. Daga baya na gane ya gani.

Wata rana bayan azahar na same shi a soro da guduma a hannu.

Na ce, "Malam, me za ka yi?"

Ya ce zai cire ƙusoshin ƙofar ta baya, ya kwashe abin da ke ciki kaɗan-kaɗan a jarka ya kai bayan dutse, ya sayo kal na kanti ya zuba, ya mayar da ƙusoshin. Ba wanda zai sani.

Na nuna masa tagar maƙwabta da ke saman kanmu. Na ce, "A nan ne ba wanda zai sani?"

"To in zauna in jira randa ta yanke mini hukunci? Ke ba ki ga bayan mutumin nan da aka yi wa bulala ba. Ni na gani."

"In aka ga alamar guduma a ƙofar nan, ko zuma suka tarar a ciki mun amsa laifi."

"In kuma bai juya ba fa?"

Na je na zauna a bakin ƙofar na jingina bayana da ita. Ban taɓa tsaya masa a gaba ba sai ranar. Ya daɗe a tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Sai ya ajiye gudumar a ƙasa, ya zauna a gefena, ya rufe fuska da tafin hannu. Muka zauna a cikin ranar nan har aka kira la'asar.

Matar da ke da tagar ban taɓa jin muryarta ba, kuma na riga na ƙulla a raina cewa daga gidanta maganar ta fita. Wata safiya ina shanya, sai na ji an ce, "Ya jara," wato maƙwabciya, a hankali. Na ɗaga kai na ga rabin fuska a bayan katakon taga. Ta ce, "Tun jiya iskar da ke shigo mini ta canza. Tana hawa ido. Mahaifiyata tana yin irinsa a garinmu, na san wannan warin." Sannan ta ce, "Na gaya wa mijina ya jira, bai jira ba. Ki yafe mana." Ta ja tagar ta rufe. Na ruga bakin ƙofar na durƙusa. Kafin ma in kai hancina sai na ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje suna shiga suna fita ta tsagar, irin waɗanda nake gani suna bin Inna in ta sauko da kwalba.

Duk da haka ba mu aika wa umda ba. Tsoro ya hana. Muka ƙara jira, har warin ya kai in ka tsaya a bakin ƙofar sai ka yi tari. Shi da kansa ya zo, da askarin nan, da limamin masallacin unguwa a matsayin shaida. Wannan karon matakalar cike take da mutane, kowa ya sami abin da ya fito yi. Ina bayan labule, maigidan yana sama tare da su. Na ji ƙarar kwaɗo. Na ji shiru. Shirun nan ya yi tsawon da na fara karanta duk abin da ya zo bakina, ina riƙe da cikina da hannu biyu. Sai na ji wani ya yi atishawa, ya sake, sannan tari, sai muryar umda a shaƙe yana cewa a ba shi ruwa. Maigidan ya ba ni labari daga baya, wai da aka ɗaga ƙyallen wata fata ce shimfiɗe a saman randar, fara-fara, mai kauri. Umda ya tura ta gefe, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, fuskarsa ta tattare wuri guda, hawaye ya zubo masa. Liman ma ya ɗanɗana ya ce kal ne, halal ne. A nan soron umda ya ciro iƙamar daga aljihu ya miƙa masa. Da ya sauko ya tsaya daidai labulen ya ce, da ƙarfi yadda na matakala za su ji, "Yarinya, gaskiyarki." Na zauna a ƙasa, na yi ta amai.

Inna ta dawo bayan haka, ta rame, ta yi jinya a Madina, ƙanwarta kuma ta wuce gida. Ɗanta ya ba ta labari tun daga farko, tana zaune a kan tabarma ba ta katse shi ba. Da ya kai wurin kwaɗo da iƙama sai na ga fuskarta ta canza. Ban taɓa ganin tsoro a jikin matar nan ba sai ranar. Ta tashi ta hau soro ita kaɗai, ta daɗe. Da ta sauko ta ce in wanko mata duk kwalaben da ke gidan.

Ta tace kal ɗin tas ta ɗura. Ta ɗora mini tire a ka, ta sa ni a gaba, muka bi matakalar gida-gida. Kowace ƙofa ta yi sallama, ta miƙa kwalba, ta ce, "Ga abin da ya dame ku da wari. A ɗanɗana a gabana." Ba wadda ta iya ƙi. Bakatsiniyar nan ta ɗanɗana ta fashe da kuka ta rungume ni. Mai ruwa ma da muka ci karo da shi sai da ta tsayar da shi ta ɗiga masa a tafin hannu. Gidan masu taga ne na ƙarshe, mijin ne ya buɗe, ya karɓa da hannu biyu bai iya ɗaga ido ba. Ko kwalba ɗaya ba ta bar mana ba, har uwar ta bayar.

Da muka dawo ta sa ɗanta ya sauko da randar daga soro. Ta wanke ta da toka, ta shanya, ta sake wankewa, ta kafa ta a zaure ta ce daga yau ta ruwan sha ce. Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ai an wanke mu. Ba za ki sake ɗorawa ba?"

Ta ce, "Da ƙafata na tako daga Kano zuwa garin nan, na binne miji da 'ya'ya biyu a hanya. Ba randa ce za ta sa a mayar mini da jika can ba."

Ba ta sake yi ba har ta rasu, ni ma ban taɓa gwadawa ba. Amma randar ƙasa ba ta saurin sakin abin da ta sha. Duk wankin da aka yi mata, ruwan cikinta da ɗan tsami-tsami yake fita, baƙo in ya sha sai ya dubi moɗar ya dube mu. Da shi na yi wankan jegon ɗana na fari, shi muka yi ta sha har na yaye shi.